Mai Wankin Rigunan Étoile

Odile ta tura ƙofar da kafaɗa saboda tukunyar miyar da ke hannunta, sai ta tarar da maƙwabcinta Fernand a sunkuye gaban famfon kicin yana ɗauraye tawul. Ruwan da ke gangarawa ja ne.

Ya ce mata fenti ne. Ta ajiye tukunyar ta tsaya tana kallonsa. Shekara ashirin da shida suna bene ɗaya, ita a sama shi a ƙasa. Ta san tarinsa na sigari, ta kuma san wanda take ji kwana huɗun nan ba shi ba ne.

"Zan kira likita, Fernand."

"Bayan Lahadi, Madam Brissac. Ki bari in kai Lahadi, daga nan ko limamin coci ne ki kira."

Ranar Lahadin ce ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, Étoile ta Montverin, za ta yi bikin cika shekara talatin da cin kofin Turai. Shekara arba'in da biyu Fernand ya yi yana wanke rigunan 'yan wasanta. Ya fara tun suna wasa a zauren coci, inda ƙwallo ke bugun katakon rufi. A gabansa suka hau rukunin farko, suka zama zakarun Faransa sau huɗu, suka kawo kofin Turai cikin buɗaɗɗiyar mota. A gabansa kuma suka faɗo rukuni na uku, ana wasa ana jin ƙarar takalma don babu 'yan kallo, har suka sake miƙewa. Yanzu an ce shi zai ɗauko kofin ya shiga da shi tsakiyar fili, tsofaffin 'yan wasa na biye da shi. Ya san in likita ya gan shi, a gadon asibiti zai kalli bikin.

Odile ta amince ta jira, amma hankalinta bai kwanta ba.

Ranar Alhamis mai burodi ya tambaye ta ko Fernand tafiya zai yi, don ya ce daga Litinin a daina ajiye masa nasa. Da ta dawo ta ga matar mai shagon magani tana fitowa daga ɗakinsa rungume da kyanwarsa. Ranar Juma'a ta danna lambar 'yarsa da ke Lyon, wayar ta yi ƙara sau ɗaya, sai ita da kanta ta katse kiran.

Da safiyar Asabar ya kira ta ya nuna mata wani kwali. Korayen riguna goma sha biyu ne a ciki, a ninke, suna warin ajiya. Su ne aka sa ranar da aka ci kofin, su kaɗai ne bai taɓa wankewa ba. Ya nuna mata mai lamba tara, da busasshen jinin da ya zuba lokacin da aka fasa wa mai ita hanci bai yarda ya fita daga fili ba. Ya ce ta kai ofishin ƙungiya a ba kowa tasa. Fuskarsa ta koma kalar kyandir. Ta sake roƙonsa ya je asibiti.

"Haka marigayi mijinki yake," ya ce yana haki. "Saura minti biyu a tashi daga wasa, sai ya miƙe wai yana gudun cunkoso."

Ta kai kwalin. Matar da ke ofishin ta tambaya me ya hana shi zuwa da shi da kansa gobe. Odile ta juya ta kama hanyar gida.

Ranar Lahadi tun azahar titi ya cika da masu korayen mayafan wuya, ana kiɗa ganga, motoci na ta oda. Ƙarfe uku motar ƙungiya za ta zo ɗaukarsa. Odile tana gyara gashinta a gaban madubi ta lura tun sha biyu ba ta ji tari ba. Ta ajiye matajin ta sauka.

Ƙofar a buɗe take. Yana zaune a kujera yana fuskantar ƙofa, cikin baƙar kwat da koren laktaye, ya yi aski, kansa ya karkata gefe. Ta kira sunansa sau biyu. Ta taɓa hannunsa ta ji ya yi sanyi.

Ta kira motar asibiti, sannan ta kira Lyon, wannan karon ta jira aka ɗauka. Da direban ƙungiya ya iso, wani magidanci mai furfura, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hularsa.

"Kin san ba shi da lafiya, Madam?"

"Na sani," ta ce.

Gangunan sun yi nisa, sun nufi filin wasa. A lokacin ne ta ga takalminsa na hagu a ɗaure, na dama igiyarsa na kwance a ƙasa. Ta dafa kujerar, ta durƙusa a hankali saboda ciwon gwiwa, ta ɗaure masa.