Warin Sabuwar Riga

Tun da zazzaɓin nan ya sake ta, hancin Uwar-girki ya yi yaji. Ba ƙamshi, ba wari. Ita da take gane albasa ta soyu tun daga bakin ƙofa, sai ga tukunya na ƙonewa tana tsaye a kanta. Mai gidan abincin da take yi wa aiki ya yi haƙuri har ya gaji, ya mayar da ita wanke-wanke, ya ce murhunta na nan in hancin ya dawo. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta daina hira a gida.

Mijinta direban bas ne, rarrashi kuwa ba layinsa ba ne. Wata rana da yamma ya shigo da leda.

"Maman yara, ga wannan. Ko kya saki fuska."

Riga ce ruwan ɗorawa, kalar da ta fi tsana a duniya. Ta zaro, ta kakkaɓe, ta yamutsa fuska.

"Haba Baban yara! A shagon fenti ka sayo ta? Ji wani wari kamar an jiƙa ta a maganin sauro, an bi ta da turaren mota don a rufa asiri."

Ya saki baki yana kallonta.

"Sake faɗa."

"Na ce wari take..."

Ta dubi rigar. Sai ta cusa fuskarta cikin rigar ta shaƙa da ƙarfi. Tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba, tana dariya. Ta ruga kicin ta shinshina tafarnuwa, shiru. Ta yanka albasa, ta ji ta can nesa-nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Wannan ma ya ishe ta murna.

"Kawo in jiƙa miki ita a ruwan sabulu," in ji shi. "Mai shagon ya ce da an wanke zai fita."

"Ka taɓa ta mu ɓata."

A ƙusar bayan ƙofa ta rataye ta. Kullum kafin ta fita sai ta shinshina, ta tabbatar hancin na nan, kullum kuma warin na ƙara fitowa fili.

Bayan 'yan kwanaki tana duƙe kan kwanuka a wurin aiki, ta bai wa murhu baya, ta ce da matar da aka ɗora a madadinta:

"'Yar'uwa, rage wuta. Albasarki ta fara ƙonewa."