Farin Sarin Mangatayaru Ya Sha Kurkum

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mangatayaru ba ta taɓa kurkum da hannunta ba. Ranar da aka ƙona gawar mijinta matan ƙauyen Peddapalem suka kai ta bakin rafi, suka fasa mata awarwaro, suka goge mata jan ɗigon goshi, suka naɗa mata farin sari, zanen takaba. Daga ranar kurkum ya zama na masu miji. Su ke shafa shi a ƙafa, su ke shafe dokin ƙofa da shi duk Juma'a don gida ya yi albarka. Ita ko a miya, sai dai wata ta zuba mata.

Gonar mijin ta koma hannun ƙaninsa, Kotayya, shi kuwa ya yi mata alfarmar ɗaki ɗaya a bayan gida, kusa da rumbun shinkafa. Wannan ɗaki shi ne duk abin da ta mallaka a duniya, kuma Kotayya bai taɓa bari ta manta ba. Shi ne ɗan gaban goshin tsohuwar jam'iyya a ƙauyen. Duk zaɓe sai ya jera mutanen gidansa a tsakar gida ya nuna musu inda za su buga hatimi, kamar mai koya wa yara wanke hannu.

A wannan shekarar sai ga wata sabuwar jam'iyya ta ɓullo, ta 'yan ƙasar Telugu zalla. Motarsu ta tsaya a gindin tsamiyar kasuwa da lasifika a ka. Mangatayaru tana dawowa daga ɗiban ruwa ta ji mai magana yana cewa gwamnatin tarayya da ke Delhi ta mai da su bayi, tana canja musu shugabanni yadda ta ga dama, ba ta ko iya faɗin sunayensu daidai. Wannan bai tsayar da ita ba, don ita ma an daɗe ba a kira sunanta ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne da ya ce mace ma za ta ci gadon gona. Sai ta ɗaga kai ta ga tutocinsu. Rawaya ne, launin kurkum sak. Fushi da kwaɗayi suka kama ta a haɗe.

Ana gobe zaɓe ta shiga madafa da rana tsaka, ta ɗebi garin kurkum cike da tafi biyu, ta dama a tukunya, ta tsoma sarinta. Varalu, matar Kotayya, ta tarar da ita hannu rawaya har gwiwa.

"Yaya, kin haukace ne? So kike ki jawo wa mijina mutuwa?"

"Mijinki ƙalau yake, ga shi can yana minshari," in ji Mangatayaru. Ta matse sarin ta shanya a igiya, inda duk mai wucewa zai gani.

Da safe Kotayya ya tare ta a ƙofa. Kamar kullum ya kira ta Vadina, wato matar yaya.

"Vadina, matar mamaci ba ta sa kurkum. Kin sani."

"Wa ya ce kurkum ne? Jam'iyya ce. Ko ita ma sai mai miji?"

"Kar ki raina mini hankali. In kika tsallake ƙofar nan da wannan tsumman, kin tsallake ke nan."

"Kotayya, ni na goye ka lokacin da kake majina har baki. Matsa mini."

Ba ta san inda za ta kwana ba. Amma ta tsallake. A layin zaɓe mata suka dare mata kamar ta ɗauko wuta. Wata tsohuwa mai farin sari irin nata na dā ta matso ta taɓa bakin zanen, ta shinshina yatsunta. Da Mangatayaru ta dawo ta tarar da akwatinta na kwano a waje. Ta ɗora shi a ka, ta nufi tsohuwar bukkar shanu da ke gefen gonar mijinta, wadda rabin jinkarta ya zube.

Kwana biyu bayan nan rediyo ya faɗi sakamako. Masu rawaya sun share jihar kaf. Ba a yi mako ba sai ga Kotayya a bakin bukkar, da sabon gyale rawaya a kafaɗa, ko karin ninkinsa bai fita ba. Mutum ne da bai taɓa yarda iska ta kaɗa ta bar shi a baya ba.

"Vadina, abin da ya wuce ya wuce. Ɗakinki na nan, na sa an share. Jibi sabon wakili zai zo gidana, ya ji labarinki, yana so ya gan ki cikin sarin nan."

"To, bayan ya tafi fa?"

"Sai Varalu ta dafa miki shi da toka ya koma fari. Kin san idon mutane."

Mangatayaru ta dube shi daga gyale har takalmi. Tana son ɗakin nan, ba ƙarya, ga damina tafe, ga ƙashi ya fara tsufa.

"Naka a kanti ka saya, in gwamnati ta canja ka canja. Nawa ni na rina, kuma ba ya komawa fari. Ka ce wa wakilin in yana son ganina ya zo nan, dama ina da magana da shi a kan gonar da kake tsaye a ciki."

Ranar Juma'a ce. Ta ɗauko ɗan kwanon da ta kwaɓa kurkum, ta durƙusa, ta fara shafe ruɓaɓɓen katakon da ke bakin bukkar.

"Ɗaga ƙafarka," ta ce, "kana taka mini ƙofa."