Yatsun Mis Odessa

"Sassauta mana, 'yar nan, yatsa ne ba makullin mota ba," in ji Mis Odessa.

Keondra ta sake mirgina babban yatsan tsohuwar maƙwabciyarta a kan tawada, ta danna a kati. Baƙin tabo ne ya fito, sumul, ba zane ko ɗaya. Kati na bakwai ke nan. A kwalejin da take karatun binciken laifuka a Toledo, ba mai wuce wannan zango sai ya kawo zanen yatsu goma da ke karantuwa, kuma sau biyu malamin yana dawo mata da nata.

"Ki nemi wani mana. Ga samari nan cike da layi, ba aikin fari ba na baƙi."

"Naki na ce zan kai, naki zan kai."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Shekara arba'in ina wankin zannuwan otal. Ruwan zafi da sabulu sun cinye zanen yatsuna tas. Da na sani da na yi sata."

Hasken la'asar ya kwanta a kan bargonta, ƙura na yawo a cikinsa a hankali. Ta lumshe ido, muryarta ta yi nisa.

"Ranar da muka tare a gidan nan, ni da mijina marigayi Lemuel, shi ya yi wa tagar can shuɗin fenti. Ya ce kada in taɓa, bai bushe ba."

"Kika taɓa?"

"Ke ma kin san halina."

Ranar Laraba motar asibiti ta zo, ta tafi da gawar Mis Odessa ba jiniya.

Ranar Juma'a Keondra ta ajiye kati na bakwai a teburin malamin. A ƙasa ta rubuta: Odessa Tillery, mai wanki, shekara arba'in a bakin aiki.

"Wannan ba ya karantuwa," ya ce. "Za ki maimaita zangon."

"Na ji," ta ce, ba ta sunkuyar da kai ba.

Da ta koma unguwa, ana fitar da kayan tsohuwar. Ta ratsa tsakanin kwalaye ta isa tagar, ta goge ƙura da hannun rigarta. A kusurwa, cikin busasshen shuɗin fenti, ga zanen babban yatsa nan, layi-layi, yana kewayawa kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa.

Ta ɗora nata a kai. Rana ta ɗumama wurin.