Sa Hannun Wiebke

Shekara shida ke nan da Eckhard Lührs da matarsa Wiebke suka raba gida. Ba saki, ba kotu, ba wanda ya jefi wani da faranti. Bayan shekara ashirin da bakwai da aure ne ta ce ta gaji da mutumin da ke bin bayanta yana gyara jeren cokula. Shi kuwa ya juya maganar ta ko'ina, bai sami ƙarya a ciki ba. Ya kama ɗaki biyu a saman wani kantin takalma a garin Leer, ita ta zauna a gidan da lambun.

Duk wata yana tura mata kuɗin ciyarwa. Doka ta ba shi damar cire kuɗin nan daga abin da za a yanka masa haraji a kai, muddin ta sa hannu a wata takarda cewa ta yarda. To, takardar nan ce ke kai shi gidan sau ɗaya a shekara. Afrilu na kamawa sai ya yi aski, ya sa rigar da ke rufa wa tumbinsa asiri, ya hau keke. Ta dafa shayi, ta yi masa tsiya son ranta, ta sa hannu. Awa biyu cif, su yake lasa har wata shekarar.

Bana mai cika masa takardun haraji ya yi ritaya, aka haɗa shi da wani sabo mai suna Brodersen. Mutumin ya buɗe fayil, ya ƙirga sa hannu shida, ya cire tabarau.

"Wai wa ya ɗora maka wannan wahala? Na farkon nan yana nan daram har ranar da ta rubuto ta janye. Ka huta, ba sai ka ƙara zuwa wurinta ba."

Da murmushin wanda ya yi babban alheri ya faɗa. Eckhard ya yi godiya, har ya biya kuɗin shawarar.

Kwana tara takardar na kan teburinsa. In bai je ba, ba shi da wani dalilin ƙwanƙwasa ƙofar nan. In ya je, ƙarya ce za ta kai shi, shi kuwa shekara talatin yana awon filaye, ko taku ɗaya ya ƙara kunnuwansa ke yin ja su tona shi. A rana ta goma ya yi aski.

"Kai, an yi maka aika-aika a ƙeya," in ji Wiebke tun daga bakin ƙofa. "Shigo, kar maƙwabta su ce ni na yi."

Ta jefa ƙanƙarar sukari a kofi, ta zuba shayi a kai. Ta ce ya rame, ya ce sikeli bai ce haka ba. Ta ba shi labarin katantanwar da ta cinye mata latas, ya riƙe bakinsa bai ba da shawara ba, har ta kalle shi ta ce ko ba shi da lafiya ne. Da suka sha kofi na uku ta goge hannu.

"Kawo takardar taka, tsoho."

Ya miƙa. Tana cire murfin biro ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

"Wiebke, dakata. Ashe ba a bukatarsa. Na farkon ya isa."

"Na sani."

"Kin sani?"

Ta juyo da takardar, ta ɗora farce a kan wasu ƙananan layuka. "Ga shi nan a rubuce, daidai saman inda nake sa hannu. Tun shekarar farko na karanta. Kai da kake ganin cokali ya karkace daga wancan ɗakin, wannan ne ya fi ƙarfin idonka?"

"To me ya hana ki faɗa min?"

"An tambaye ni?"

Ya fara ninke takardar a hankali, gefe kan gefe, don ya ga ta ƙare masa: yanzu ya sani, ta san ya sani, baɗi kuma ba shi da abin riƙowa.

Wiebke ta tashi, ta ɗauko farar takarda, ta rubuta layi uku, ta karanta masa da ƙarfi. Zuwa ga ofishin haraji: ta janye yardarta daga farkon shekara mai zuwa.

"Ke! Kin san nawa wannan zai ci min? Ya haura Yuro dubu biyu!"

"In ban sake sa hannu ba ke nan. Baɗi sai ka zo ka roƙa." Ta zura takardar a ambulan, ta lashi bakinsa ta manne. "Kuma ban yi alkawari ba. Wataƙila sai ka yi sawu biyu ko uku, ni ba na yanke shawara da gaggawa."

Eckhard ya daɗe yana kallon ambulan ɗin.

"Kin sa lambar harajinki a sama? In babu, sai su ajiye ta gefe."

"Na sa."

"Kan sarki fa?"

"Ya ƙare."

"Kawo," ya ce, yana neman hularsa. "Gidan waya a kan hanyata yake. In na yi sauri zan same su kafin su rufe."