Rariyar Sakatariya

Takarda ta tara na fitowa daga injin bugawa, Sakatariya ta ɗaga ta kusa da tabaronta, ta ja tsaki.

"Shekara talatin ina wannan aiki, maƙwabciya, dubi shirmen da na yi miki."

Na karɓa na duba. A aji uku na tsaya da makaranta, amma wannan kam na iya karantawa. Kalma ɗaya ce daga sama har ƙasa. Inna. Innata. Inna. Innarmu. Ba komai a gabanta, ba komai a bayanta.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Ta yi aikin buga takardu a wani ofis har ta yi ritaya, sunan ya bi ta gida. A lokacin ciwon zuciya ya riga ya kwantar da ita, ƙafafunta sun kumbura, kwamfutar ma a kan matashi ake ɗora mata.

Abin da ya kai ni wurinta Auta ce, 'yata. Mun yi faɗa a kan maganar da yau nake jin kunyar faɗa saboda ƙanƙantarta. Wata takwas ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba, sai mota ta buge ta a hanyar aiki, ta rasu. Daga baya aminiyarta ta kawo mini wani ɗan abu kamar yatsa, ta ce duk hirar da suka yi a rubuce a waya ta shekara huɗu tana ciki. Ni abu ɗaya nake so in sani, ko yarinyar ta tafi ta fitar da ni daga ranta.

Da Sakatariya ta saka shi a kwamfuta ta buɗe, ta ce layi ya fi dubu sittin, ko da lafiyarta sai mu shekara muna karatu. Ta ce za ta saƙa rariya. Ta tambaye ni yadda Auta ke kirana, ta rubuta a wani ɗan akwati a saman allon, ta haɗa da baka da sanduna da wasu alamomi. Ta ce duk inda kalmar ta ɓuya, ko da wace jela ta zo, rariyar za ta tare ta. Ta danna, rubutun ya yi ɗigo-ɗigon rawaya. Ta sa aka kwaso su duka zuwa sabon shafi, ta buga ba ta duba ba.

Kuskuren ke nan. Rariyar ta kwaso kalmar kaɗai, ta bar maganar da ke tare da ita.

"Kamar a aike ki kasuwa da kwando ki dawo da marfi," in ji ta. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ba ta ruwa, na ce mu bari.

Kwana biyu ba ta iya zama ba. Ran na uku da hantsi ta aiko jikanyarta ta kira ni. Na tarar ciwon ya hana ta saita yatsa. Ta ce yau ni ce sakatariya. Ta nuna mini ɗigo da tauraro, ta ce in sa su a gaban kalmar, in ƙara a bayanta, ma'anarsu a ɗauko duk abin da ke layin. Sau biyu ina danna wanda ba shi ba.

"Yaya, ni fa wannan abin tsoro yake ba ni."

"Ba ya cizo. Danna."

Na danna. Shafin ya cika da magana.

Ta sauka can ƙasa, wajen watanni takwas ɗin nan, ta soma karanta mini a hankali tana hutawa. Ba ta tsallake masu ɗaci ba. Inna ba ta taɓa yarda ta yi laifi ba. Inna taurin kai. Na ce haka ne. Sai ta zo kan wani, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Kullum sai na nemo lambar Inna in yi ta kallo. Ban san da me zan fara ba."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Ta ce numfashinta ya gaza, gobe za mu ƙarasa ta buga mini.

Washegari ina shanya na ji kuka ta bayan katanga. Na shiga na same ta an rufe ta da zanen gadonta mai ruwan toka, tabaron na kan kwamfutar. Ni na rufe kwamfutar. Bayan mako ɗanta ya kwashe kayan ɗakin, har da kwamfutar da ɗan abin nan, ya tafi da su garin da yake aiki, ban iya buɗe baki na roƙi komai ba.

Takardun farko, na kuskuren, su suka rage a hannuna. Suna cikin akwatina, ƙarƙashin mayafai. In na gama aikin safe nakan zauna a gindin katangar, inda inuwa take, in sa yatsa a layin farko in bi shi zuwa ƙasa. A gefen shafi na tara akwai zagayen da gindin kofinta ya bari.