Zane Uku a Kwance

"Ba ruwa nake so ba, Yaya. Tokar nan za ka shafa mini."

Rangasami ya tsaya da kofi a hannu. Maƙwabcinsa Sundaresan yana kwance a tabarma, numfashi na fita da ƙyar, idonsa a kan 'yar jakar tokar da ke rataye a ƙusa, wadda mabiya Shiva, abin bautarsa, ke jan zane uku a kwance da ita a goshi. Hannuwansa sun daina ɗaguwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa yana Dubai yana fafutukar samun jirgi. A duk layin nan na garin Kumbakonam a Indiya babu wanda ya rage masa sai Rangasami, tsohon da suka yi furfura suna gardama ta kan katanga.

Shi kuwa Rangasami na Vishnu ne gaba da baya, shi kaɗai yake bauta wa cikin allolin Hindu. Kowace safiya yakan ja farin zane biyu a tsaye a goshinsa, da ja ɗaya a tsakiya. Tun yana saurayi ya yi wa malaminsa alkawarin ba zai rusuna wa wani ba. In hanya ta biyo da shi ta ƙofar ɗakin bautar Shiva, nan take yake samun abin kallo a tsallaken titi. Sundaresan kuwa ba ya wuce ƙofar kowane abin bauta bai leƙa ba, Ganesha ne, Lakshmi ce, har Vishnun ma.

"Ai duk ka gaishe su," in ji Rangasami. "Ba za a rasa mai karɓarka ba."

"Gaisuwa daban, gida daban. In na je da goshi fayau, wa zai san ɗan gidan wa ne?"

"Bari in kira matar mai shago."

"Ta tafi biki. Kai ɗin ne dai, sarkin taurin kai."

Tsoro ya kama Rangasami, tsoro na gaske. Bai taɓa taɓa tokar nan ba. Ya dubi ƙofa, babu mai shigowa. Ya sauko da jakar, ya tsoma yatsu uku, ya runtse ido ya shafa.

Sundaresan ya fara dariya, tari ya sarƙe shi.

"A tsaye ka ja, na ji. Wato a ranar ƙarshe za ka sace ni ka kai wa naka?"

"Hannun ne ya saba," in ji Rangasami.

Ya goge da bakin mayafinsa, ya sake tsoma yatsu. Wannan karon da ido buɗe ya ja, a kwance, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Yawwa," in ji Sundaresan. Kafin rana ta take ya cika.

Washegari Rangasami ya yi wanka, ya ja zanensa a tsaye kamar kullum, ya fito ya zauna a dakali. Babu wanda ya leƙo ta katanga ya ce ga mai zanen cokali mai yatsu a goshi ya fito, kamar yadda Sundaresan ya saba tsokanarsa. Kewa ta danne shi. Sai ya hangi sauran toka maƙale a ƙarƙashin farcensa. Ya tsinko tsinken tsintsiya zai sakace, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ajiye tsinken a gefe.