Rabon Inusa

Ana jibi Nijar za ta karɓi mulkin kanta, wuta ta mutu a zauren Idirisu. Da ma a ce gidan duka ne, da sai ya ɗora laifin a kan masu injin wutar gari ya huta. To amma ɗakinsa na ci, ɗakin matarsa Lubabatu na ci, zaure kaɗai ne ya yi gum, inda ya girke sabon radiyonsa, ya kuma gayyaci rabin unguwar Birni su zo su saurari bikin Yamai. Idirisu komi ne, wato akawu, a gidan waya, mutum mai son a san ya waye. Tunanin dattawa su cika masa zaure su zauna suna kallon akwati bebe ya hana shi cin tuwon rana.

Gidan na kakansa ne, ginin ƙasa mai kauri, wanda bai taɓa neman lantarki ba sai da aka ɗora masa. Idirisu ya buɗe akwatin fizibil, wato fis ɗin wuta, ya tarar lafiya lau. Ya ɗaura wa ƙwan fitila 'yan wayoyi biyu, ya bi firis, wato ramukan da ake soka waya a bango, yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗakinsa ya kawo haske. Biyun da ke zaure ko ƙyal. Ya kwance murfin ɗaya, kyankyasai suka tarwatso masa a hannu, ya yarfe yana tsaki, ya je ya wanke hannu da sabulu har gwiwa.

Sai ya bi wayar da ido. Daga ɗakinsa ta hau azara, ta ratsa bango, ta shige ɗakin da ke tsakani kafin ta fito zaure. Nan ya ja ya tsaya, domin ɗakin ƙanensa Inusa ne, wanda Faransa ta ɗauka soja ta kai Aljeriya. Tun ba a daɗe da sa wuta ba mahaifiyarsu, Iya Gana, ta kulle ɗakin ta ɗaure mabuɗin a bakin zane. Idirisu bai taɓa neman shiga ba, kuma yana da dalili. Tun bara wani tsohon soja ɗan Dakusa ya ja shi gefe a kasuwa ya gaya masa da hannunsa aka sa Inusa a rami. Idirisu ya yi kukansa a bayan gari, ya dawo gida, ya ce wa ransa ba zai gaya wa Iya ba sai ta ɗan ji ƙarfin jiki tukuna. Yau da gobe har damina ta zagayo.

Da ya nemi mabuɗi, Iya ta ƙi. Ya lallaɓa, ya rantse ba zai taɓa komi ba sai waya, har ya ambaci sunayen dattawan da za su zo. Daga ƙarshe ta buɗe da kanta, tana gunaguni.

Warin ne ya fara fitowa. Idirisu ya toshe hanci da bakin riga. Rufin ya yi yoyo da ruwan bana, ɗakin ya jiƙe ya yi ɗumi, ƙudaje korra suka tashi buu. Da idonsa ya saba da duhu ya ga abin: nama ne jere a kan wayar lantarki daga wannan bango zuwa wancan. Na bara da na bara waccan sun bushe sun yi baƙi kamar tsohon takalmi. Na Layyar bana kuwa ya kumbura ya yi kore, tsutsa na faɗowa daga jikinsa kan gadon Inusa. Nauyi ya finciko wayar daga mahaɗinta, kitse ya bi ta ya daskare, ɓeraye sun bi kitsen sun gwaguye robar har jan ƙarfe ya fito tsirara, ga ɗayansu nan maƙale ya ƙandare.

Ƙyama ta kama shi, haushi ya biyo baya. Ya juya ya fara yi wa uwarsa faɗa irin wanda bai taɓa yi ba: wannan wace irin ƙazanta ce, a gidan da ake ganin girmansa, gida duka ya kusa ƙonewa saboda ruɓaɓɓen nama? Igiya ta ƙare a Damagaram ne?

Iya ba ta toshe hanci ba. Ta ce ita ta ga igiya mai kyau a sama inda mage ba ta kaiwa, ta rataya. Kamar kullum ba ta kira sunansa ba, shi ɗan fari ne, amma na autan ya fito mata a sauƙaƙe.

"Rabon Inusa ne. Kowace Sallah nakan cire masa cinya. Kai ne fa ka ce in Nasara suka tafi, sojanmu za su dawo gida. Ba jibi ba ne?"

Shi ne ya faɗa, ran da ta dame shi da tambaya yana sauri zai tafi aiki.

Gyaran ba wuya. A cire fizibil, a sauke naman, a yanke inda ɓera ya ci, a haɗa. Kafin la'asar radiyo zai yi magana, jibi kuma Iya za ta zauna bayan labulen zaure ta ji Nasara sun miƙa ƙasa, ta tashi ta sa turare a ɗakin nan tana jiran Inusa. Idirisu ya je ya zare fizibil, ya dawo da tsani ya jingina, ya hau. Ya kama naman farko, ya narke masa a tafi.

"Sannu a hankali," in ji Iya daga ƙasa, ta tara masa ƙwarya. "Wanda bai lalace ba ka ware masa."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannunsa. Wannan karon bai nemi sabulu ba. Ya sauko, ya kwantar da tsanin, ya janyo tabarma daga ƙofa ya shimfiɗa.

"Iya, zauna," ya ce. "Akwai maganar da na ajiye tun bara."